Inda Waya Ta Tsaya: Tarihin Sadarwa Tsakanin Birnin Kano Da Ƙauyukanta

Makalar wannan mako ta tarihi ce, amma wata 'yar hidimar gida ce ta jawo ta.

Muna da taubashiya, ɗiyar kawunmu, a wani ƙauye gabas da Kano, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Tun tana sakandare take cika littattafan makaranta da ƙagaggun labarai. Bara ta ɗaura niyyar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016. Ta rubuta labarinta, ta buga shi a waya da babban yatsa har ta gama, sai aikawa ta gagara. A ɗakinta sabis ba ya shiga ko kaɗan. A tsakar gida yakan leƙo ya koma. Ta ba ƙaninta wayar ya hau tudun da ke bayan makarantar firamare, ya yi ta ɗaga hannu sama kwana biyu a jere. Ranar da saƙon ya tafi, an riga an rufe gasar.

Abin ya tsaya mana a rai, muka ce sai mun sa intanet a gidan kawu. Muka je ofishin wani kamfani da ke ja wa mutane wayar faiba zuwa gida a Kano. Ma'aikacin ya duba taswira a kwamfutarsa, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wayarmu ba ta kai can ba." Muka ce to, tunda mun zo, namu gidan fa, da ke wani lungu a Mandawari? Ya sake dubawa ya ce, "Nan ma ba ta shiga ba. A bakin titi ta tsaya."

Gida biyu ke nan. Ɗaya a tsakiyar birni, ana zuwa Gidan Sarki daga can da ƙafa. Ɗaya a cikin gonaki. Amsa iri ɗaya aka ba su. Ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa muka koma baya muka bi sawun wayar tun daga farkon zuwanta ƙasar Kano.

Kafin waya

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarauta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Tun daga lokacin labari da ƙafa yake shigowa birni, ta ƙofofi. Fatake su zo da na Gwanja da Borno, ayarin raƙuma su zo da na Agadas da Gadamas da Tarabulus, alhazai su dawo da na gabas bayan shekaru. Duk a Kurmi ake sauke shi tare da kaya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu. Hanyar da tufa ta bi, ita wasiƙa take bi.

Tsakanin birni da ƙauye kuwa, mutum ne wayar. Hakimai a wancan zamani a cikin birni suke zaune kusa da fada, jakadunsu ne ke kai umarni ƙauyuka, su dawo da haraji da rahoto. Talakan ƙauye idan yana da kuka, sai ya bi ta mai unguwa, ya bi ta dagaci, ya bi ta jakada. Abin da ya isa kunnen Sarki shi ne abin da waɗannan bakuna suka ga damar isarwa. Mu riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Tangarahu da jirgin ƙasa

A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar ƙarƙashin teku. Turawan mulkin mallaka sun san amfaninta, don haka duk inda sojansu suka ci, wayar tangarahu na biye da su. Sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, kuma ba a daɗe ba wayar ta iso. Sai dai ba cikin birni ta nufa ba. Bariki ta nufa, wajen Nassarawa da Bompai, inda Razdan da sojoji suke. An ja ta ne domin Kano ta ji umarnin Zungeru, Zungeru ta ji na Landan.

Layin dogo ya iso a 1911, aka gina tasha a wajen ganuwa. Cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turawa suka jera kantunansu kusa da tasha, gidan waya ma a nan ya zauna. Farashin gyaɗa a Ingila yakan iso wa kamfani ta tangarahu cikin kwana guda. Manomin da ya noma ta a Gezawa ko Ɓichi sai dai ya ji daga bakin dillali. Manyan 'yan kasuwar birni irin su Alhasan Dantata sun yi fice ne saboda sun iya tsayawa a tsakanin duniyar nan biyu, suna da wakilai a ƙauyuka, suna kuma da ƙafa a wajen kamfani. Jirgin sama na farko da ya sauka a Kano cikin Nuwamban 1925, shi ma a bayan gari ya sauka.

Tun daga nan taswirar ta zauna. Sabon abu yakan sauka a gabas da ganuwa, wajen bariki da tasha da kanti. Daga baya ya leƙa fada da manyan tituna. Lungu da ƙauye su jira.

Ranar da aka huda ganuwa

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, aka fara ƙoƙarin shigo da kayan zamani cikin birni da gaske. Da kuɗin baitulmalin En'e aka yi aikin ruwa da lantarki na Kano, aka buɗe shi a 1931, ana jawo ruwa daga Kogin Challawa. Ƙofar Famfo sunanta ya isa shaida, bututun ruwa ne ya sa aka huda ganuwa a wurin. Dattawan unguwarmu kan ba da labarin yadda wasu suka yi ɗari-ɗari da ruwan famfo da farko, suka ci gaba da shan na rijiya, har sai da gani ya kori ji.

A 1944 aka kawo wani abu da ya fi komai kama da intanet ɗin gida na yau, wato rediyo mai waya. Tashar tana kama shirye-shiryen BBC, ta haɗa da nata na gida, ta tura su ta waya zuwa wani akwati mai lasifika da aka kafa a gidan mutum. Duk wata sai ka biya. Ba ka da zaɓin tasha, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Wanda ba shi da halin biya sai ya je dandalin da aka kafa lasifikar jama'a ya saurara a tsaye. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano ya yi bincike, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani. Abin lura shi ne akwatin ba ya wuce inda wayar ta tsaya, ita kuwa ba ta fita ƙauye ba.

Ƙauye bai sami rediyo ba sai da rediyo ta rabu da waya. BBC ta fara Sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, sannan ƙaramar rediyo mai batir ta yi arha ta bazu. Cikin 'yan shekaru sai ga ta a rataye a kafaɗar makiyayi, ga ta a gindin bishiya a gona. Wannan shi ne karo na farko da mutumin ƙauye ya ji labarin duniya a daidai lokacin da Razdan ko hakimi ya ji shi. Amma ji kawai yake yi. In yana son a ji tasa, sai ya sayi katin zaɓe ya aika gaisuwa, ya jira mako biyu ko uku a karanto sunansa.

Zamanin 064

Tarho ya fi kowa rowa. Lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho a ƙasar duka ba su kai dubu 20 ba. Hukumar gidan waya da tangarahu ce ke riƙe da na cikin gida, har zuwa 1985 da aka kafa NITEL. Zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki wajen dubu 400 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100.

Waɗanda suka girme mu sun san abin da lambar 064 take nufi. A unguwa guda ta cikin birni da ƙyar a sami gida biyu ko uku masu tarho, gidan wani attajiri ko babban ma'aikaci. Wannan gida shi ne ofishin unguwa. A bugo daga Jidda ko Legas a ce a kira wance, a aika yaro da gudu, ta sa mayafi ta zo ta zauna jiran a sake bugowa. Daga baya shagunan buga waya suka buɗe a Bata da Fagge da Sabon Gari, ana biya da minti. Mutanen ƙauye kuwa direban motar kasuwa ne gidan wayarsu. A ba shi wasiƙa, ko a ɗauki murya a kaset a naɗe a leda, ya kai wa ɗa ko miji da ke ci-rani.

A daidai wannan zamani adabinmu ya yi irin tasa dabarar. Da kamfanonin ɗab'i suka ja baya a shekarun 1980, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka riƙa buga littattafansu da kansu. Littafi ya fito daga maɗaba'a ya shiga kasuwa, ya hau motar Gumel ko ta Funtuwa, ya faɗa hannun masu ba da haya, ya shiga gidajen da ko falwaya babu a ƙofarsu. Littafi guda mata goma su karanta. Abin da masana suka kira Adabin Kasuwar Kano ya kai inda tarho bai taɓa kaiwa ba.

Intanet ta zo, salula ta biyo

An kafa hukumar sadarwa ta NCC a 1992, kuma a tsakiyar shekarun 1990 intanet ta fara shigowa Najeriya. A Kano, kamar kullum, ta fara sauka a jami'a da bankuna da manyan ofisoshi, ta layin tarho mai tafiyar hawainiya ko ta farantin tauraron ɗan'adam. Sauran jama'a sai shagon intanet, a sayi awa guda, rabinta ta ƙare wajen jiran shafi ya buɗe.

Ko a hakan Hausa ta sami masu yi mata hidima. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu lanƙwasa domin a iya buga ɓ da ɗ da ƙ, sannan a farkon shekarun 2000 ya buɗe zaurukan tattaunawa a Yahoo, ciki har da na finafinan Hausa da na marubuta. Waɗannan zauruka su ne kakannin irin wanda muke ciki yau. Amma masu shiga 'yan ƙalilan ne, malaman jami'a da 'yan jarida da mazauna ƙasashen waje.

Abin da ya sauya lissafi shi ne gwanjon lasisin salula na Janairun 2001, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai ya kai naira dubu 20 ko fiye a farko, kira kuma naira 50 duk minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Etisalat ta shigo a 2008. Akwai kuma kamfanoni irin su Starcomms da suka sayar da tarhon tebur marar waya da 'yar na'urar da ake soka wa kwamfuta, wadda ita ce intanet ɗin gida ta farko ga iyalai da yawa a Kano.

Tarihin rediyo ya maimaita kansa. Da tarho ya rabu da waya, sai ya shiga lungu ya fita ƙauye. Mu da aka haifa a wannan tsakani mun buɗi ido da Nokia da Opera Mini da 2go. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya sa ta a 2016. Littafin Hausa ya tashi daga teburin mai haya ya koma WhatsApp da Wattpad, ana sakin shafi-shafi kullum da dare.

Me ya sa har yanzu take tsayawa?

Mutane da yawa suna zaton intanet daga sama take saukowa. Mafi yawanta ta ƙasa take zuwa, cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai da ake kira faiba. Manyan wayoyin suna kwance a ƙarƙashin teku: SAT-3 tun farkon shekarun 2000, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google a 2022. Kusan dukkansu a gaɓar Legas suke fitowa. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wasu daga cikinsu suka katse a tekun Kwaddibuwa, har a Kano mun ji a jikinmu, bankuna suka rikice, saƙo ya ƙi tafiya.

Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, kuma kowane taku sai an haƙa rami an binne waya. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince jihohi su riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin haƙa, wasu jihohin suka daɗe suna karɓar ninkin-ba-ninkin hakan, Kaduna kuwa ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Mu yi lissafi da wannan mafi ƙarancin farashi. Ƙauyen da ke kilomita 30 daga birni, izini kaɗai naira miliyan 4 da dubu 350 ne, ba a sayi waya ba, ba a biya masu haƙa ba. Bayan an binne, mai gyaran titi ya zo ya tsinke ta, ɓarawo ya tone yana zaton tagulla ce. Kamfani zai tambayi kansa gida nawa ne a can za su iya biya duk wata. In amsar ba ta gamsar ba, wayar ta tsaya.

Ƙarfen sabis ma lissafinsa ke nan. Yana buƙatar wuta dare da rana, ga janareta, ga man dizal, ga mai gadi. Shi ya sa ake kafa shi a garin da ke da kasuwa ko a bakin babban titi, ƙauyukan da ke kewaye su samu ragowa. Akwai kuma maganar zango. Siginar da ke tafiya a ƙaramin zango, irin 800 ko 900 megahaz, tana nisa kuma tana ratsa bango, amma kayan da take ɗauka kaɗan ne. Ta babban zango, irin 3,500 megahaz da 5G ke amfani da shi, tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta nisa, katanga ma tana tare ta. Don haka da MTN ta fara 5G a 2022, Kano na cikin biranen farko, amma wasu unguwanni ne suka gani.

A nan ne lungun birni da ƙauye suka zama 'yan uwa. Ƙauye nisa ne ya cuce shi. Lungu kuwa matsi ne. Hanyar da mutum biyu ba sa jerawa, kwata a tsakiya, ina za a haƙa? Falwayoyin sun riga sun cika da wayoyin wuta kamar saƙar gizo-gizo. Ginin ƙasa mai kauri da kakanninmu suka yi domin sanyi yana tare sigina, rufin kwano ya ƙara nasa, benayen da suka tashi a bakin titi su rufe sauran.

Gwamnati ta san da matsalar. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman domin kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka fitar lokacin Minista Isa Ali Pantami, ya sa burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'a. An kuma sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita dubu 90 na faiba a zamanin Minista Bosun Tijani. A gefe guda ƙungiyoyi sun gwada tasu hanyar. Gidauniyar Fantsuam ta kafa intanet ta al'umma a yankin Kafanchan, cibiyar CITAD ta nan Kano tana horar da matasa yadda gari zai kafa tasa. A Janairun 2023 Starlink ta fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka, da farantin da ke magana da tauraro kai tsaye ba ruwansa da rami ko ƙarfe. Sai dai kuɗin kayan da na wata ba na manomin gero ba ne.

Kada kuma mu manta, abin da aka ba ka ana iya ɗaukewa. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka koma ba direba wasiƙa, wasu suka riƙa tafiya mai nisa domin kira guda.

Yadda muka yi a gidan kawu

Da faiba ta gagara, tauraro kuma ya fi ƙarfin aljihu, sai muka sami wani matashi a kasuwar waya ta Farm Centre mai haɗa sola da kyamarori. Ranar Asabar muka ɗauke shi zuwa ƙauyen. Bai fara da sayar mana da komai ba. Layuka huɗu ya zo da su, ya zagaya gidan yana gwada kowanne, a zaure, a tsakar gida, a bayan rumbu, sannan ya sa tsani ya hau soro. A can sama ya gano cewa ɗaya daga cikin layukan yana kama ƙarfen da ke garin kasuwa na bakin kwalta, kuka da darbejiyoyin makwabta ne suke tare shi daga ƙasa.

Maganin ashe tsawo ne. Aka kafa dogon bututun ƙarfe a jikin zaure, aka ɗaure shi da wayoyi ta kusurwa uku saboda iskar bazara. A samansa aka ɗora eriya mai fuskantar wuri guda, ya yi ta juya ta a hankali, ƙanin taubashiyarmu yana ƙasa yana faɗa masa inda siginar ta fi ƙarfi. Waya ta sauko zuwa rauta a cikin zaure, aka haɗa da faifan sola guda da batir, tunda wutar garin ba abin dogaro ba ce.

Kawu yana zaune a kan buzu yana kallo. Can ya ce, "Yaro, wannan ƙarfen naka ba zai jawo mana tsawa ba?"

Ya ce, "Baba, shi ya sa za mu binne masa wani ƙarfen a ƙasa mu haɗa su. In ta sauko, ƙasa za ta bi."

Kawu ya yi shiru, sannan ya kawo damuwarsa ta gaskiya, wato yara da abin da za su riƙa kallo. Aka yi yarjejeniya. Lambar sirri tana hannun taubashiyarmu, kuma ana kashe rauta in dare ya yi. Kuɗin data na wata ya so ya yi nauyi, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanoni a Janairun 2025. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai mai kemis na kusa da mai POS da wani malamin firamare suka shigo ana karo-karo. Yanzu da yamma akan ga mutum uku ko huɗu a dakalin ƙofar gidan, kowa da wayarsa. Mun tuna masu tsayawa a gindin lasifika a 1944.

Ba za mu ce abin ya zama kamar na Nassarawa ba. Da asuba yana gudu. Ranar kasuwa, da jama'a suka taru a gindin ƙarfen, sai ya koma rarrafe. In hadari ya kwana biyu batir ya yi sanyi, sai haƙuri.

Abin da ya shafe mu

Mu marubuta muna da rabo a wannan tarihi ta fuska uku.

Na farko, mai karatunmu. Da yawa daga masu bin labaranmu suna ƙarshen layi ne, da ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu. Idan muka saki littafi a fayil mai nauyi cike da hotuna, mun rufe musu ƙofa. Rubutu zalla ba shi da nauyi, yana ratsa sabis mai rauni. Magabatanmu na shekarun 1980 sun yi littafi daidai aljihun mai karatu da motar da za ta kai shi. Mu ma mu auna namu da irin sabis ɗin da zai ɗauke shi.

Na biyu, gaskiyar labari. Sau nawa muka karanta littafin da jaruma tana rugar daji amma tana kiran bidiyo da saurayinta ba yankewa? Wanda ya zauna a ƙauye zai ajiye littafin. Alhali rashin sabis ɗin kansa labari ne: saƙon rasuwa da ya makara, kuɗin da aka turo ba a gani ba, yarinyar da sai ta roƙi ƙaninta ya hau tudu kafin ta ji muryar wanda take so, da abin da ƙanin zai nema kafin ya rufa mata asiri.

Na uku, adana tarihi. Waɗanda suka ga akwatin rediyo mai waya da idonsu saura kaɗan. Waɗanda suka yi aiken kiran mutane zuwa gidan mai tarho suna nan da ransu a Yakasai da Ƙoƙi da Gwale da Dala. Kowa ya je ya tambayi dattijon gidansu: wane gida ne ya fara samun lantarki a unguwar nan, wane ne ya fara tarho, wa ya fara riƙe salula, nawa ya saya? A rubuta da suna da shekara. A zamanin jakadu, abin da ya isa birni daga ƙauye shi ne abin da ɗan aike ya zaɓa. In har masu faiba ne kaɗai ke iya aika rubutunsu, adabin Hausa zai zama labarin unguwanni biyar ko shida, sauran ƙasar kuwa sai dai a ba da labarinta daga nesa.

Bana taubashiyarmu ta aika labarinta saura kwana tara a rufe gasar, tana zaune a kan tabarma a zauren mahaifinta. Da asuba saƙonta ya shigo wayarmu, amma ba mu gan shi ba sai da hantsi, lokacin da muka fito daga lungu zuwa bakin titi. Da muka kira muka ba ta haƙuri, dariya ta yi ta ce, "Ku 'yan birni, in sabis ya gagare ku, ku zo ƙauye mu sam muku."

Mun riga mun yi magana da matashin nan na Farm Centre. Asabar mai zuwa zai zo Mandawari da tsaninsa.

Sai mun haɗu a mako na gaba.